Kwalbar Jini ta Biyu

Talata, ƙarfe goma na safe

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya nauyin jiki? Tunda likitarki ta ce kada ki sauko daga gado sai kin haihu, ki yi zamanki. Kin san ni da waya, injin niƙa ya gama da kunnena, sai in yi ta "na'am" ba na jin komai. Shi ya sa na saka wannan takarda a kwandon abincin da mijinki ya kawo.

Baba da sauƙi. Yau kwana biyu da faɗuwarsa a kan keken ɗinki. Ɓarin dama ba ya motsi, magana ba ta fita, amma yana gane ni, har ya sha shayi rabin kofi. Damuwarsa ɗaya, tabarau. Kin san shi da laluben aljihun gaba in zai zura zare. To tun safe haka yake ta shafa ƙirji da hannun hagu. Na miƙa masa sabon, ya ture. Na ɗauko tsohon mai igiya, shi ma ya ture. Baba ko a kwance sai ya yi rigima.

Da sassafe ma'aikatan asibitin nan sun ɗebi jininsa, suka ce wani abu wai turofonin ya ɗan hau, tamanin. Ɗazu kuma nas ta dawo da allura, wai za ta sake ɗiba. Na ce a'a. Jini nawa ne a jikin tsoho? Ƙarfe huɗu zan mai da shi gida, a ci gaba da gashin ƙashi a can.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da jinya, Allah ya saka maka. Na juyo da maigidan nan take, ko ruwa bai sha ba, don maganar ba ta jira.

Don Allah ka bari a ɗebi na biyun. Shekara tara ina wannan aikin a ɗakin gwajin jini, ka saurare ni sau ɗaya. Abin nan da suka faɗa, a cikin tsokar zuciya yake zaune. Ba ya fitowa cikin jini sai in tsokar ta ji rauni. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa nasu kan ɗan hau, saboda bugun da ƙwaƙwalwa ta sha yakan girgiza zuciya. Shi ya sa lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Sai an sake bayan 'yan awoyi. In ta tsaya kusa da tamanin, alhamdu lillahi. In kuwa tana hawa, to zuciyar tana lalacewa ne yanzu haka, kana zaune kusa da shi.

Jinin da za su ɗiba bai cika cokalin shayi ba. Kada ka sa hannu a takardar sallama.

Ƙanwarka,
Auta

Ƙarfe ɗaya

Likitar gida,

Sallama. Na ga darasinki, na gode. Takarda kam na riga na sa hannu, mai tasi ma na yi masa magana.

Ke kina makaranta lokacin ciwon Inna, ni na zauna da ita. Safe allura, yamma allura, har hannunta ya koma baƙi suka koma ƙafa, ƙarshe gawa muka ɗauko. Ran nan a bakin ƙofar asibiti Baba ya riƙe mini wuyan riga ya ce, "In tawa ta zo, kada ka bari a mai da ni matashin allura." Na ce masa na yi alkawari. Ke kwalba kike gani da lamba a jiki, ni kuwa hannun ubana nake gani.

Kuma ɗakin nan bai karɓe shi ba. Ga fanka tana juyawa amma gumi yake yi, har filo ya jiƙe. Ɗazu na sake saka masa sabon tabaran, ya fizge ya yi jifa da shi, gilashi ɗaya ya fashe. Gida yake so, ni na san shi.

Ki bar mijinki ya huta, bawan Allah ya zama ɗan aike.

Yayanki

Ƙarfe biyu da kwata

Yaya,

Gaisuwa a tsaye, ka yi haƙuri.

Na karanta takardunka biyu sau uku. Rigar asibiti ce a jikin Baba, ba ta da aljihu. Kuma ka tuna yadda yake laluben tabarau: yatsa biyu, sau ɗaya, ya zaro. Shekara arba'in bai taɓa shafa ƙirji yana neman sa ba. Ka dubi hannun nan da kyau. Tafi ne a buɗe yana dannawa, ko dunƙule yake? Ga gumi a ƙarƙashin fanka, ga lamba ta hau. Yaya, ina tsoron ƙirjinsa ke ciwo tun safe, ba shi da bakin faɗa.

Ban raina alkawarinka ba, wallahi. Na san abin da ka gani a kan Inna, kuma ni ban gani ba. Amma mai alkawarin yana nan da ransa, ka ce yana gane ka. Ka durƙusa daidai fuskarsa, ka ɗora hannunka inda yake dannawa, ka tambaye shi, "Baba, ciwo ne a nan?" Ka ce in e ne ya rufe ido. Sannan ka nuna masa allurar, ka bar shi ya zaɓa da kansa.

In maigidan ya dawo ba amsa, zan sauko daga gadon nan in hau bayan babur ɗinsa, abin da zai faru ya faru.

Auta

Ƙarfe biyar saura

Auta,

Sallama. Kada ki motsa daga gadon nan.

Na tambaye shi. Ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba, hawaye na bin kunnensa. Da nas ta zo, shi ya miƙa mata hannun da kansa.

Jinin na biyu ya nuna ɗari tara da wani abu. Sun wuce da shi sashen zuciya da gudu, likita ya ce da mun hau tasin nan, bai san ko za mu kai gida ba. Ina zaune a benci, ƙofa a rufe, ba wanda ya fito tukuna.

Tun safe yake gaya mini, ni kuma ina miƙa masa tabarau. Ki yi masa addu'a, ni ma ki yi mini. Tsohon mai igiya yana aljihuna, in ya fito ya nema.

Yayanki