Fitilar Hadi da Rawar da ke Idona

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Likitan ya ce a jira wata guda a ga ko idon daman zai kama. Na hagu dai tun a Kano muka yi sallama da shi. Hadi jikana ne ya fassara, don ba na jin yaren ƙasar nan, kuma na lura likita ya yi magana doguwa, Hadi ya ba ni gajera.

Laraba, 9 ga Oktoba

Hasken ɗakin nan da muka sauka a unguwar Dengfeng sukar ido yake. Hadi ya ce zai haɗa min tawa fitilar, mai ƙananan ƙwayaye fiye da ɗari, wadda za a rage haskenta yadda nake so. Sana'arsa ce, fitilu yake aikawa gida. Na ce, "Maigida, kaza na roƙe ka, ka kawo min kayan wuta?" Ya ce amaryar da ba haƙora me za ta yi da kaza.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ya haɗa. Da ya rage hasken sai ya kama rawa, kaina ya sara. Wai ba rage wutar ake yi ba, kashewa ake a kunna, sau dubbai kafin ƙiftawar ido. Mai wannan aikin wani baƙin abu ne kamar kaska, ƙafarsa uku, sunansa tiransisto. Na ce mai gadi ke nan, buɗe ƙofa, rufe ƙofa. Nasa malalata ne: in ya hanzarta su sai su bar ƙofa rabi a buɗe su yi zafi, in ya sassauta musu haske ya yi rawa. Ɗaya ya ƙona masa yatsa. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ya yini kasuwa neman masu sauri, ko'ina meiyo, babu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

'Yata Hasiya ta kira daga Kano. Na ba ta labarin masu gadi uku da aka kora saboda gyangyaɗi, har ta ƙware da dariya. Ta tambayi ido, na ce layi ba kyau.

Hadi ba ya cin abinci. Ya ɗora duk ciwona a kan fitilar nan, kamar in ta daina rawa zan warke.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Wani laoban, wato mai shago, ya samo masa irin da ake kira mosfet. Ya sa su, ya taɓa, ba zafi. Ya ɗora kyamarar waya a kan hasken, haka suke gwadawa, in da rawa sai baƙaƙen layuka su fito. Ya ce fes, ko layi ɗaya babu.

"Kaka, ya tsaya?"

Yana rawa. Na rufe ido, yana rawa a can ciki ma.

Na ce, "Ya tsaya cak, Maigida. Yau na yarda ka iya wani abu." Ya ci shinkafa faranti biyu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Layi uku na rubutuna ya cika min shafi, takardun ƙasar nan ƙanana ne. Na sa Hasiya ta turo hotunan yara, na daɗe a kansu. Da za mu sauka bene Hadi ya miƙo hannu kamar kullum. Yau ban buge hannun ba.