Hotunanka a Bangon Gahawata

Titin Mansur, Makka,
cikin watan Muharram.

Zuwa ga ɗana Sulaimanu, a ƙasar Ingila.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan, in ka cire ciwon gwiwa da abin da ka jawo mini. Malam Idi tela ne yake rubutawa, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko ya zuba mata zuma. In ya gama, a nan gahawa, wato shagon shayina, za a karanta ta da ƙarfi kafin a liƙe ambulan, don waɗanda suka yi mini dariya su ji da kunnensu.

Hotunanka sun iso tun kafin azumi. Ka ce ranar da ba ku da karatun aikin waya kana hawa bas, gari-gari, kana ɗaukar tsofaffin gine-ginen da suka burge ka. Iyakar bayaninka ke nan. A bayan kowanne ka sa sunan garin da rubutun Nasara, sai ka ce akwai mai karanta shi a gidan nan.

Na zauna na dube su ɗaya bayan ɗaya. Gidaje masu baƙin katako a jikin farin bango, furanni a rataye cikin kwando, benci a ƙofa, wani wurin har da tsofaffi a zaune riƙe da manyan kofuna. To me zan ce? Na ce gahawa ce. Sana'ata ce, in na ga wurin zaman tsofaffi na san shi. Har na kira ƙanwarka Rabi na ce ta zo ta ga Turawa, shayinsu baƙi ƙirin, kuma ba sa tsoron babban kofi.

Abu ɗaya ne ya dame ni, allunan da ke lilo a ƙofofin. Wani da zaki, wani da farin doki, wani da kan sarki. Ka san ba na ajiye surar mai rai a inda nake salla. Sai na ari alƙalamin Malam Idi na bi su na ja wa kowa layi a wuya, zakin da dokin da sarkin, har tsofaffin kan benci, yadda ake yi don mala'iku su shiga wuri. Na kai wa kafinta ya sa musu katako da gilashi. Na rataye su a bangon da ke bayan butocin shayi, inda duk wanda ya hau kujerar igiya sai ya gan su.

Azumi ya wuce suna nan. Alhazai suka fara sauka suna nan. Duk wanda ya tambaya sai in ce gahawoyin Ingila ne, ɗana ya ɗauka, hukuma ce ta tura shi karatu. Limamin zawiyarmu ya sha shayi a ƙarƙashinsu ba sau ɗaya ba. Usman Bagobiri, wanda tun da muka san juna bai taɓa ganin abu a hannuna bai raina ba, shi ma ya tsaya ya duba ya ce ba laifi.

Bayan an sauko daga Mina wani alhaji ya shigo, ma'aikacin gwamnati daga Kaduna, irin waɗanda jirgin sama ke saukewa da safe su yi ɗawafi da yamma, ƙafarsu ko faso babu. Ya kurɓi shayi, ya ɗaga kai, sai ya ƙware. Bai ja ni gefe ba, Sulaimanu. Gahawa cike, ya buɗe baki ya ce, "Baba, wa ya rataya maka gidajen giya a garin Makka?" Wai shi ya taɓa zama a Ingila, abin da ke cikin kofunan nan ba shayi ba ne.

Usman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Abin da ya faɗa har yau ana maimaita shi a lungunmu: "Mamman ya yanka zaki ya bar giya!" Liman kuwa miƙewa ya yi. Ya ajiye finjalinsa da sauran shayi a ciki, ya sa takalmi ya fita. Bai sake dawowa ba. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Da ƙafata na zo garin nan, ya waladi, ɗana. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba wanda ya taɓa kama ni da aibu a kan titin nan sai da na haifi mai ilimi. Kalma ɗaya za ka ƙara a takardar, Baba wannan wuri kaza ne, shi ke nan. Ko ka ce a ranka tsohon ba zai gane ba? To bai gane ba, sai ka ji daɗi. Dama tun farko ban so akwatin ɗaukar hoton nan naka ba. Uwarka, Allah ya jiƙanta, ita ta tsaya maka, tana cewa, "Ƙyale yaro, Allah ya ba shi ido." Na ce mata ido ba sana'a ba ne. Har yau ban janye ba.

Amma ba kunyar ce ta hana ni cin tuwo ba. Liman zai huce. Usman kuwa, in bai sami wannan ba zai nemo wani. Abin da nake so in sani shi ne, ka shiga?

Ban taɓa ba ka labarin Ɗan'azumi ba. Tare muka baro ƙauyenmu da niyyar hajji, tare muka yada zango a Sudan muna tsinkar auduga don guzuri. Ya fi ni karatu, ya fi ni murya in ana zikiri. A bakin gonar akwai wata bukka da ake sayar da marisa, giyar dawa irin tasu. Da farko in ya zo wucewa tofar da yawu yake. Daga baya ya ce a can kaɗai ake dariya, shi zama kawai yake a waje yana sauraro. Ranar da ayari ya tashi zuwa bakin teku ya ce in yi gaba, yana nan tafe. Ga gemuna ya yi fari, bai iso ba. Kuma ba mutumin banza ba ne. Kewa ce ta zaunar da shi a ƙofar nan.

Na sauke hotunan. Rabi ta hura wuta ta ce in kawo, na hana. Jiya da hantsi na fito da su rana, na ari tabaran Malam Idi, ina neman ka a ciki. Sai na lura duk daga tsallaken titi ka ɗauke su, babu na ciki ko ɗaya. A wancan mai farin doki, gilashin taga ya kama ka. Kana tsaye can nesa kusa da bas, akwatin a ƙirjinka, kanka a sunkuye, cikin wata riga mai nauyi da ta yi maka yawa. Ka rame. Ba kowa a kusa da kai.

Na daɗe a kan wannan hoton. A gindin murhun gahawa ka yi rarrafe. A cinyar tsofaffi kake barci suna gardama a kanka, wannan ya ba ka dabino, wancan ya ja maka kunne. Sai aka ɗauke ka aka kai inda ba mai ce maka zo ka zauna. Na ga abin da kake bi gari-gari kana nema. Ban ce na yafe ba, na dai gani.

Sai dai hoto ƙiftawar ido ne. Bai nuna mini inda ƙafarka ta nufa ba bayan ka rufe akwatin. Ga sanyi, ga fitila a taga, titin kuma ba wani faɗi gare shi ba.

Saboda haka ka ba ni amsa da rubutun da ake karantawa a nan, kuma kada ka haɗo da hoto. In ba ka shiga ba, ka ce ban shiga ba, in sa a karanta a gaban kowa, Usman ya haɗiye dariyarsa. In ka shiga, ka ja layi a bayan ambulan, Malam Idi zai karanta mini ni kaɗai, ya iya riƙe baki. Ba zan tsine maka ba, ɗana. Cewa zan yi ka tattaro kayanka ka taho, karatun waya ya tafi da abinsa, halas, shi ke nan. Su yi ta dariya. Buta ta fara yi wa hannuna nauyi, akwai aikin da za ka kama.

Allah ya tsare maka ƙafarka da bakinka. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki da za su ce maka bismilla in sun zauna. Allah ya sa in gan ka da idona, ba a gilashin tagar wasu ba. Amin.

Rabi tana gaishe ka. Ka riƙa cin abinci.

Ni ne mahaifinka,
Mamman mai gahawa.
Ga yatsana nan na dangwala.