Shafin Dama na Littafin Yusha'u

Litinin, 28 ga Maris, 1994

Kwana sittin da bakwai da kwalekwalen su Yusha'u mijina ya daki kututture a tafki. Ina cikin takaba, ba fita. Ina ci, ina salla, ina kwanciya. Mata sai yaba haƙurina suke yi. Ba haƙuri ba ne, ban jin komai ne kawai.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Malam Mainasara, shugaban Yusha'u a ofishin gandun daji, ya zo daga Yelwa. Ta bayan labulen zaure muka yi magana. Zancen kurmin bayan gidanmu ne, wanda Yusha'u ya killace shekara shida don kututtura su sake toho. Ya ce masu bandar kifi sun matsa wa dagaci a buɗe musu su sari itace. In rahoton bana bai nuna tsuntsayen daji sun dawo ba, ƙarshen Mayu za a sake musu. Jiha sabuwa, babu wanda za a turo nan garinmu Wara.

"Malama, ke da kike koyarwa, ki cike muna shi ko da mi."

Na ce to. Itace ya kashe min miji, a sare duka mana.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Na buɗe littafinsa. Shafin hagu tsuntsayen fili, irin su kurciya da jan baki, masu zama ko a kan bola. Dama na daji, waɗanda sai da inuwa da kogon itace. Hagu cike. Dama layi uku cikin shekara shida. Mutumin nan ko ƙaryar da zai kare aikinsa da ita bai iya ba.

Talata, 26 ga Afrilu

Inna Tabawa maƙwabciya ta kawo fura, kamar kullum. Ƙafarta duk kaushi, wajen Ngaski take zuwa neman itacen banda.

"Ɗiyata, tsuntsu za mu ci? Mijinki mutumen kirki na, amma kurmin ga ya wahal da mu."

Gaskiyarta. Na shanye furar.

Laraba, 4 ga Mayu

Na ɗauki fensir in jera sunayen ƙarya a dama in huta. Na kasa. Ba tsoron Allah ba ne ma, rubutunsa ne a sama yake kallona.

Bayan asuba na zauna gindin katanga. Shi minti goma yake tsayawa a kowane turken da ya kafa cikin kurmin, bai rubuta sai abin da ya ji ko ya gani. Da can dariya nake masa, in ce malamin daji ya zama ɗan leƙen asirin kurciya. Ashe kunnena ya kwashe karatun ban sani ba.

Kurciya. Jan baki. Hankaka. Hagu duka.

Asabar, 14 ga Mayu

Ruwan farko. Tsuntsun nan ragon maza ya yi kuka cikin sarƙaƙiya, kamar ana tsiyaye tulu. Dama. Na rubuta, shi ke nan.

Alhamis, 19 ga Mayu

Tsirya biyu. Ban ci tuwon rana ba, na manta.

Lahadi, 29 ga Mayu

Jiya na fita takaba. Yau da sassafe na shiga kurmin, karo na farko. Turakunsa na nan, gara ta ci na huɗu. Itatuwan sun wuce kaina nesa. A turke na shida cilakowa ta sauka kan wata ƙirya da abinci a baki, ta miƙa cikin kogo. Sheƙa ce. Ita Yusha'u ya yi shekara shida yana jira.

Na juya in gaya masa.

Na daɗe zaune a ƙasa. Inna Tabawa ce ta tsince ni, ta zauna kusa da ni. Da za mu tashi na tattara mata busassun rassa, ta karɓa.

Talata, 31 ga Mayu

Malam Mainasara ya ƙirga, layi tara a dama. Ya ce wannan ya isa a ƙara wa kurmin shekara guda. Ya miƙo hannu in ba shi littafin, wai kayan ofis ne.

Na kwafe masa a wata takarda, na riƙe littafin. Ba don komai ba, akwai sauran shafuka.