Kunnen Inna

Ƙofar Marke, Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a Fatakwal, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙanwarmu Balaraba ta sauka, an samu mace.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka bari kowa ya kai ƙarshen magana. Ka san kunnen hagu na Inna ya mutu tun tana yarinya, da na dama take rayuwa. Ranar da jiri ya kayar da ita tana shara, ta ce kunnen daman yana ƙugi kamar injin niƙa, ni na kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon can ciki yake, kuma ƙwayoyin haɗiya ba za su yi mata ba saboda ciwon sukari. Sai dai a zura siririyar allura ta dodon kunne a zuba sitiroyid, maganin da ke kwantar da kumburi, sau uku. Bai yi mana alkawari ba, amma ya ce kada mu wuce mako biyu. Duk na faɗa maka. Ka rantse ba mai huda kunnen uwarka kana raye, ka ce karatun mata ya sa ni rawar kai, ka aiko da man zaitun a mota. Inna kuwa tun rasuwar Baba ba ta tsallake maganar babban ɗa, ta ce in mayar da takardar asibiti.

To, mun ɗiga mata man naka mako biyar. Da ka gaji ka ce mu yi yadda muka ga dama, an yi allurar, ko minti ashirin ba a ɗauka ba. Jirin ya lafa, jin bai dawo ba. Likita ya ce mun makara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, Yaya, kuma kai ka nuna hanya. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba.

Na san kana murna duk Juma'a kuna hira, kana zuba tana saurare. Ba ta jin komai. Takan riƙe wayar har ka kashe, sannan ta dube ni ta ce, "Mi ya samu Ɗayyabu ya yi shuru? Ko hushi yakai da ni?" Ban taɓa gaya mata kana magana ba. Na bar maka, ka zo da kanka ka yi mata bayani da hannu.

Kawu Hamza da Balaraba suna gaishe ka. Ka gaida Wasila da yara. Inna ta ce in roƙe ka ka yafe mata.

Ƙanwarka,
Atika