Inci Huɗu da Rabi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafa tana ƙara sauƙi, kuma Yaya da iyalinsa suna kula da kai yadda ya kamata. Gareji lafiya lau. Injin iska ne kawai ya koma tarinsa, na canja masa bel.

Baba, aiki ya shigo. Ka tuna farar motar asibitin ƙauye, mai ja da ƙafa huɗu? Babbar ungozoma ce ta kawo ta, ita da direbanta. Ta ce bara sau uku suna kafewa a yashin rafi, sau ɗaya ma da mai naƙuda a baya, sai da maza shida suka tallabo matar a kan tabarma. Tana so a sa tayoyi masu faɗi kafin ruwa ya sauka. Direban ya leƙa ciki ya ce, "Ina mai garejin?" Na ce ga ni. Ya ce, "A'a, tsohon nake nufi." Ungozoma ta ce ya je ya nemi inuwa ya zauna.

Tayoyin da ta samo faɗinsu inci goma sha biyu da rabi. Na gwada ɗaya a tsohon rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, sai cikinta ya manne da shokozoba mai tare girgiza, ko takarda ba ta wucewa. Na kifa rim ɗin, na gindaya katako a bakinsa, na auna zuwa inda yake zama a jikin ƙafar mota, kamar yadda ka koya mini: inci biyar da rabi. Dole a nemi wanda bayansa bai kai haka zurfi ba, don taya ta matso waje. Inci nawa zan ce wa mai sayar da rim?

Allah ya ƙara lafiya.
'Yarka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Ƙafa da sauƙi, likitoci ne dai ba su da aiki sai hana mutum motsi.

Uku da rabi. Wannan ma har sai an tambaya? Shekara talatin da ɗaya ina sa manyan tayoyi, tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba, kuma uku da rabi nake sawa. Taya ta fito waje sosai, mota ta buɗe ƙafa ta tsaya kamar ɗan kokawa, ba abin da zai taɓa ta daga ciki.

Direban nan na san shi, bakinsa ya fi tuƙinsa gudu. Kada ki kula shi. Amma motar nan rai take ɗauka, ba buhu ba. In kin ji zuciyarki tana rawa, ki rufe ta da tampol har in dawo. Ki ɗaure noti a gicciye, ba a jere ba. Kuma wa ya ce ki taɓa mini injin iska?

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ka kai ƙarshen takardar nan. Ban sa uku da rabi ba.

Na yi niyyar sawa, har na kira mai rim. Sai na ce bari in gani da idona. Na yanka kwali daidai faɗin sabuwar taya da tsayinta, na ɗaura shi a ƙafar gaba, na ɗaga ƙafar da jak har sifirin ya matse, kamar mota ta faɗa rami. Na sa direban ya murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, ina matsar da kwalin awo bayan awo. A uku da rabi kwalin ya lanƙwashe a bakin ƙarfen da ke saman taya. Da taya ce, ramin farko zai yanke mata gefe. A biyar kuma ya goga daga ciki. A huɗu da rabi ya wuce sumul, yatsuna biyu na shiga ta ciki, biyu ta waje.

Akwai wani abu kuma, Baba, ka yi haƙuri. Motar masu haƙa rijiya da ka sa wa uku da rabi shekaran bara ta sake dawowa. Boris ɗin gaba, wanda ƙafar ke juyawa a kansa, ya sake cinyewa, karo na biyar ke nan. Kullum muna cewa direbansu ne ba shi da hannu. Na zauna na duba: tayar ta yi nisa da boris, nauyin duk a gefe guda yake sauka. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Talata muka je rafi. Na loda buhun yashi takwas a baya, na ce ni zan tuƙa. Na rage iska kaɗan, na shiga ta wurin da suka kafe bara. Baba, ta bi ta kan yashin nan kamar kwalta! Na juya a tsakiya, sitiyari har ƙarshe, ba ƙara, ba goga. Ungozoma ta tsaya a gaɓa tana tafi. Direban kuwa shi ya ɗaukar mini akwatin sifana har mota.

Noti a gicciye na ɗaure.

'Yarka mai biyayya a sauran al'amura,
Auta.

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Na san shirun Baba na wata guda ya dame ki, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Ranar da takardarki ta zo ya karanta sau biyu, ya tura ta ƙarƙashin matashi, ya ce yaran zamani ba su da kunya. Kwana uku ko sunanki ba a ambata a gabansa.

To jiya na kai shi asibiti gashin ƙafa. Muna fitowa sai ga farar motarki a harabar, laka har gilashi. Sun kawo wata mata daga ƙauye, an ce ruwa ya yi kwana biyu yana zuba a can, amma sun haye, ta sauka lafiya, tagwaye. Kafin in ankara Baba ya miƙo mini sandarsa ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa. Ya daka wa direban tsawa ya murɗa sitiyari. Ya cusa yatsu ta ciki, ya cusa ta waje, ya girgiza tayar. Ya daɗe a ƙarƙashin nan har mai gadi ya zo ya tambaya ko faɗuwa ya yi.

Da muka tashe shi sai ya dubi mai gadin ya ce, "Ka ga aikin nan? 'Yata ce ta yi. Ni na koya mata." Ya gaya wa mai gadi, ya gaya wa masu jiran magani, ya tare wani likita a ƙofa ya gaya masa. Direban ma cewa yake ai shi tun ranar farko ya san za ki iya.

Kada ki nuna masa na faɗa miki.

Yayanki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina lafiya.

Ki kira masu haƙa rijiya su kawo motarsu. Ki yanka mata kwalinta, ki sa abin da awo ya ba ki. In sun tambayi dalili, ki ce tsohon ne ya yi kuskure. Ni na ce ki faɗa.

Sannan ki nemo mai fenti ya sauke allon da ke bakin gareji, ya ƙara sunanki. A ƙasa da nawa, kada ki zaƙe. Amma girman harufan ya zama ɗaya.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.