Zaren Awon Wuya

Lewisham, Landan
9 ga Maris, 1978

Zuwa ga aminina Katung,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Angelina da yara. Yaya jikin Baba Kambai? Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙa uku kana yi mini tambaya ɗaya, ni kuwa ina cika ka da labarin sanyi da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yau na daina kewaye-kewaye.

A ajinmu na adana kayan tarihi akwai wani ɗan Pakistan, Gul Rahman, tare muke zuwa Juma'a a masallacin Regent's Park. Yankinsu a da Gandhara ake kiransa. Shekara kusan dubu biyu da suka wuce, mabiya Buddha suka cika duwatsunsu da gidajen ibada, irin su Takht-i-Bahi da na kwarin Swat. Yana yaro a kangon ɗaya daga cikinsu yake kiwon awaki, gindin wani mutum-mutumi da ke zaune ba kai. Masu tono ne suka sare kan suka sayar, don kai ya fi gangar jiki sauƙin shiga jaka. Kafin ya taho sai ya auna wuyan da zare, ya ƙulla. Yanzu duk kantin da aka jera kawunan ƙasarsu, sai ya zaro zarensa ya gwada. Na sha yi masa tsiya, musulmi da neman kan gunki. Shi dai ya ce ba bauta yake yi ba, kayan garinsu ne.

Katung, dariyar ta daina fitowa. Kan nan na yumɓu da Baba ya tono a gonarku ta Kwoi, ya naɗe a bargonsa ya ba ni amana in kai gidan tarihi na Jos, ban kai ba. Wani Bature injiniya ya yaba, na ba shi, shi kuma ya rubuta mini takardar da ta samo mini wannan karatu. Kunya ta ishe ni. Ka lallashi Baba kada ya je Jos tukuna. An ce Baturen yana nan Landan, zan karɓo.

Naka,
Zailani

Lewisham
2 ga Mayu, 1978

Aminina Katung,

Ina gaishe ka, ina yi muku ta'aziyya, kai da Angelina da dukan gida. Allah ya ba ku haƙurin rashin Baba.

Ashe wasiƙunmu saɓani suka yi a hanya. Na karanta yadda ka ɗora shi a mota da ciwonsa har gidan tarihi na Jos, ya bi akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. Da bai gani ba, wai sai ya ce ai Zailani mai hankali ne, ya sa an ɓoye a ɗakin ciki don kada a sace. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka, Katung.

Na sami Baturen. Ya sayar tun bara, bai ma riƙe sunan mai saye ba.

Ban isa in ce ka yafe mini ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka taɓa ce mini gangar jikin tana nan gindin ɗorawa, inda Baba ya jingine ta. Ka auna mini wuyan da zare, ka ƙulla, ka sa a ambulan. Gul ya ce ranar Asabar yake zagayen kantuna, zai riƙa biyo mini.

Naka, in har yanzu ka yarda,
Zailani