Layin da Nuriyya Ta Tsaya

Daga Sabon Birni

Assalamu alaikum Kawu Labbo,

Ina gaida ka da Inna Saude, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Tunda aka yanke sabis ɗin waya sai takarda, ga ta hannun mai kabu-kabu.

Kawu, na jawo magana, kuma da shawararka na jawo ta. Kai ka ce yara ba sa gane dimokuraɗiyya a allo, in bar su su zaɓi monita da kansu, a yi layi bayan ɗan takara kamar zamaninku, kowa na ganin kowa, ba maguɗi. Na yi. Kamaluddeen ɗan Alhaji Yari, mai kai hatsi Maraɗi, ya tsaya, Sadiƙa ta tsaya. Layi biyu suka yi kunnen doki, saura Nuriyya kaɗai, yarinyar da suka gudo daga Gangara bara. Ta dube ni, na ce mata ƙuri'arta tata ce, ba mai iko da ita. Ta je ta tsaya bayan Sadiƙa. Har da tafi na yi, ni mai wayo.

Na manta sam cewa Nuriyya da uwarta da ƙannenta a ɗakin bayan gidan Alhaji Yari suke zaune, kyauta. Yau uwar ta same ni bakin aji, ta ce, "Malama, mi munka yi miki? Alhaji ya ce mu tashi kahin Jumma'a, wai gero za shi zuba ɗakin."

Na kasa zaune na kasa tsaye. Yaya za ni yi?

Ɗiyarka, Zulaiha

*

Daga Isa

Wa alaikumus salam ɗiyata Zulaiha,

Bayan gaisuwa, ƙafa na nan tana mulkinta, ita ba a zaɓe ta ba.

Kin ɗora mani laifi, na ji. Amma mu da muka yi layi, kowa gidan ubansa yake komawa ya kwana. Ke kin tsai da yarinya a fili ta zaɓa tsakanin ra'ayinta da rufin da ke kan uwarta, kina tafi. Shekara talatin na yi ina riƙe alli, ban taɓa shiga aji ban san inda kowane yaro ke kwana ba.

Ki ɗauki liman ku tafi wurin Yari. Ki durƙusa ki gaishe shi, kada ki karanta masa tsarin mulki, na san bakinki. Abin da ya nema ki yi. Gangara ba ta komuwa yanzu, kin fi ni sani.

Allah ya yi maki albarka.

Kawunki, Labbo

*

Daga Sabon Birni

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa. Mun je da liman. Alhaji ya sa aka shimfiɗa mana darduma, aka kawo fura mai sanyi, sai fara'a yake. Ya ce shi ba ya shiga sha'anin yara, amma an mai da ɗansa abin dariya a kasuwa, ana cewa 'yar da ke cin tuwon gidansu ce ta kayar da shi. In an sake zaɓe, gero zai samu wani ɗakin.

Na ce to, a sake, amma a ɓoye: tukwane biyu bayan allo, kowa ya jefa ƙwallon aduwa. Ya yi dariya har da buga gwiwa. "A'a Malama, layi dai, awa yadda kinka fara. Ni ma za ni taho in ga wagga dimokuraɗiyya taku."

Liman ya ce Alhamdu lillahi, an daidaita. Ni kuwa tun farkon zango nake gaya wa yara ƙuri'a ba a saye, ba a tsoratarwa, har waƙa muka yi mata. Da wane baki za ni kira Nuriyya in ce ta sake layi? Na yi niyya ya fi a ƙirga, in na hango ta sai in kama goge allo. Haushin Alhaji nake ji, da na liman, da naka, nawa ya fi yawa.

Gobe Alhamis za a yi.

Ɗiyarka, Zulaiha

*

Daga Sabon Birni

Assalamu alaikum Kawu,

An yi. Alhaji ya zo da kujerarsa. Ban ce wa Nuriyya komai ba, ita ta fara tsayawa bayan Kamaluddeen, kanta a ƙasa. Ya ci. Su Nuriyya suna nan a ɗakinsu, uwar har kuɓewa ta aiko mani.

Da aka tashi Nuriyya ta jira kowa ya fita, ta zo bakin teburina.

"Malama, in an tambayi ma'anar dimokuraɗiyya ran jarabawa, wace za ni rubutawa? Wadda kinka rubuta ga allo, ko ta yau?"

Na ce ta bari sai Litinin. Mai kabu-kabu zai juyo ran Lahadi, Kawu. Kada ka bari ya dawo hannu wofi.

Ɗiyarka, Zulaiha